Gwanjon Zane Don Ciyar da Mayunwata: Nawa Ke Isa Daga Christie's da Sotheby's?

Manyan gidajen gwanjo biyu, Christie's da Sotheby's, suna da wata hidima da suke yi wa masu tarin zane da magadansu. Sukan karɓi kaya, su yi masa kuɗi, su tallata shi, su sayar, sannan kuɗin ya tafi ga gidauniya ko ƙungiyar agajin da mai kayan ya zaɓa. Hidimar tana aiki, kuma ta tara kuɗi masu nauyi. A Mayun 2018 tarin Peggy da David Rockefeller ya kawo sama da dala miliyan 830 a Christie's, a Nuwamban 2022 kuma na Paul Allen, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Microsoft, ya haura dala biliyan 1.6, duka biyun da sunan ayyukan alheri. Sai dai wanda burinsa abinci ya shiga cikin mai jin yunwa yana buƙatar sanin abin da sanarwar gidan gwanjo ba ta cika faɗa ba: nawa ke zubewa a hanya, wata nawa ake ɗauka, da irin zanen da bai kamata a kai wannan kasuwa ba ko da niyya tana da kyau.

A ganina hidimar ta dace da zanen da ke hannun mutum ɗaya, wanda ke rataye a ɗakin da ba kowa ke shiga ba ko yake kulle a ma'ajiya, da sharaɗin mai kaya ya zauna ya yi ciniki a kan la'ada kafin ya sa hannu. Ga agajin gaggawa kuwa ba ta da amfani sosai, domin tafiyarta ta hawainiya ce.

Farashin da jaridu ke bugawa ya fi abin da mai kaya ke karɓa, kuma tazarar tana da yawa. Akwai farashin guduma, wato tayin ƙarshe da mai gwanjo ya sallama a kansa, akwai kuma la'adar mai saye da ake ɗorawa a sama, wadda gidan gwanjo ke riƙewa. Ranar 15 ga Nuwamba 2017, da aka sayar da Salvator Mundi a New York, zanen da ake danganta wa Leonardo da Vinci, guduma ta sauka a kan dala miliyan 400, amma abin da duniya ta ji shi ne miliyan 450.3. Miliyan 50 da ɗoriyar nan la'ada ce. A jadawalin da Christie's ta fara aiki da shi a Fabrairun 2023, mai saye yana biyan kashi 26 cikin ɗari a kan dala miliyan ɗaya na farko, kashi 20 daga nan zuwa miliyan 6, sai kashi 15 a kan abin da ya haura. Gidajen suna sauya waɗannan alƙaluma. Sotheby's ta rage nata a 2024, ta sake ɗagawa a farkon 2025, saboda haka jadawalin ranar sa hannu shi ne abin dubawa.

A ɗauki misalin zanen da aka sallama a kan dala miliyan 2 bisa wancan jadawali. La'adar mai saye ta kama 260,000 a kan miliyan na farko da 200,000 a kan na biyu, jimla 460,000, don haka mai saye zai biya miliyan 2.46. Daga ɓangaren mai kaya kuma, idan bai yi ciniki ba, ana iya cire masa tasa la'adar, a ce kashi 10, wato 200,000. Sai kuɗin inshora, wanda yakan kama kashi 1 zuwa 2 na farashin guduma, a ce 30,000. Sai akwati, jigila da hoton katalog, a ce 10,000. Abin da zai shiga asusun ƙungiyar agaji dala miliyan 1.76 ne. Dala 700,000 sun tsaya a hanya, sama da kashi 28 na abin da ya fito daga aljihun mai saye.

Dillalai za su ce la'adar mai saye ba ta shafi mai kaya ba tunda ba shi ke biya ba. Wannan magana ba ta tsayawa. Duk gogaggen mai saye yana shiga zauren da adadin da ba zai wuce ba, ya cire la'ada da haraji daga ciki, abin da ya rage shi yake tayawa da shi. Duk abin da aka ɗora a sama, daga tayin ake zare shi.

Domin a ga nauyin dala 700,000 ɗin: abincin magani da ake ba yaran da tamowa ta yi wa mugun kamu, wanda ake haɗawa da gyaɗa, garin madara, mai da sukari, aka fi saninsa da Plumpy'Nut, yana zuwa ne a ƙunshi mai giram 92 da kalori 500. Katan ɗaya yana da ƙunshi 150, kuma kusan shi ne abin da yaro ɗaya ke buƙata a makonni 6 zuwa 8 na jinya. Farashin katan yana tsakanin dala 40 da 50. Ko a farashin sama, abin da ya tsaya a hanyar nan katan 14,000 ne. Wannan lissafin abincin ne kaɗai, ban da jigila, ma'aikatan lafiya da sauran magunguna, amma ya isa ya nuna cewa rabin sa'ar da za a yi ana ja-in-ja da dillali a kan kashi 5 ba ɓata lokaci ba ne.

Kuma ja-in-jar tana haifar da ɗa mai ido, wannan yana cikin abin yabon gidajen. Idan kaya na nema ne, abu ne da aka saba a yafe la'adar mai kaya gaba ɗaya, a yafe inshora da kuɗin katalog. A kan manyan kaya har akan ba mai kaya wani kaso daga la'adar mai saye, ya tashi da fiye da farashin guduma. A gwanjon sadaka akan wuce nan ma. Da aka sayar da zanen Banksy mai suna Game Changer a Maris 2021 a kan fam miliyan 16.7 don ayyukan lafiya a Birtaniya, Christie's ta ba da babban kaso na la'adarta. Da ɗan jaridar Rasha Dmitry Muratov ya sayar da lambarsa ta Nobel a Yunin 2022 a kan dala miliyan 103.5 don yaran Ukraine ta hannun UNICEF, gidan Heritage Auctions bai riƙe komai ba. Waɗannan sun nuna abin yana yiwuwa. Amma ba a ba da shi sai an nema, kuma hanya mafi inganci ita ce a kai hoton kayan gidaje biyu ko uku a lokaci guda, kowanne ya san ɗan'uwansa ma yana zawarci. Kalmomi irin su "wani kaso na ribar" kada a yarda da su a takarda. A rubuta adadi.

Aikin kansa yana farawa ne da hotuna: gaban zanen, bayansa, sa hannun wanda ya zana, da duk wata takarda ko hatimi da ke manne a jikin katakon baya. A haɗa da tsawo da faɗi ba tare da firam ba, da duk rasit, wasiƙa ko takardar gado da ke nuna hannuwan da ya bi. Ƙiyasin farko kyauta ne a gidajen biyu. Idan sun nuna sha'awa sai ƙwararrensu ya ga kayan ido da ido, ya haska shi da fitila ta musamman da ke fito da wuraren da aka yi wa gyara, wani lokaci a ɗauki hoton ciki ko a gwada ƙwayar fenti. Abin da masu kaya suka fi yi wa kansu ɓarna da shi a wannan mataki shi ne wanke zanen ko sake masa sheƙi kafin a gan shi. Mugun gyara yana karya farashi fiye da datti, kuma ba ya warwaruwa. A bar shi yadda yake, har da tsohon firam ɗinsa.

Bayan haka sai yarjejeniya, wadda ke ɗauke da ƙiyasi na ƙasa da na sama, da kuma farashin sirri da ba za a sallama ƙasa da shi ba. Wannan farashin sirri ba ya wuce ƙiyasin ƙasa. A nan ne kwaɗayi ke shiga, kuma mai niyyar sadaka bai tsira daga gare shi ba, domin yana ganin duk abin da ya ƙaru na mayunwata ne. Gidan da ke son ƙwace kayan daga abokin hamayyarsa yana iya faɗin ƙiyasi mai daɗin ji. Idan ƙiyasi ya yi tsada masu saye sukan ja baya, tayi ya tsaya ƙasa da farashin sirri, kaya ya yi kwantai a bainar jama'a. Sakamakon yana shiga rumbunan bayanan farashi da kowane dillali ke dubawa, kuma kayan da ya yi kwantai yakan jira shekaru kafin a sake fito da shi, sau da yawa a farashi ƙasa da na farko. Manyan sunaye ma ba su tsira ba: a Mayun 2025 wani sassaƙen kai na Alberto Giacometti da Sotheby's ta ƙiyasta a kan kusan dala miliyan 70 bai samu mai saye ba. Ƙiyasi mai sauƙi da ke jawo masu tayi uku ko huɗu ya fi mai tsada da ke barin zaure shiru.

Sai maganar lokaci, kuma nan ne hidimar ta fi rauni. Manyan gwanjon New York a Mayu da Nuwamba ake yin su, na Landan kuma a wajajen Maris, Yuni da Oktoba. Ana rufe karɓar kaya wata biyu zuwa uku kafin ranar, don bincike, hoto da baje koli. Bayan an sallama, akan biya mai kaya ne kimanin kwana 35 baya, shi ma sai idan mai saye ya riga ya biya, kuma a kan manyan kaya akan ba mai saye ƙarin wa'adi. Daga ranar aika hoto zuwa ranar da kuɗi zai shiga asusun ƙungiya, wata huɗu zuwa shida abu ne da aka saba. Ƙungiyar ma tana buƙatar nata lokacin na saye da jigila. A yunwar Somaliya ta 2011 an ƙiyasta mutum kusan 260,000 ne suka mutu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma kusan rabin mace-macen sun auku ne kafin a ayyana yunwar a hukumance a watan Yuli. Wanda ya jira sai ya ga hotunan bala'i a talabijin sannan ya kira gidan gwanjo ya makara.

Akwai hanyoyi uku na rage jiran, kowacce da kuɗinta. Gidan yana iya ba da wani abu kafin gwanjo, yawanci bai wuce rabin ƙiyasin ƙasa ba, amma bashi ne mai ruwa, kuma idan kaya ya yi kwantai sai an mayar. Ana iya neman garanti, inda gidan ko wani mai kuɗi na waje zai ɗauki alkawarin biyan wani adadi ko da ba a taya ba, shi kuma ya ci kaso daga abin da ya haura. Garanti yana rage ribar sama, amma ga ƙungiyar da ke son tsara rabon abinci na shekara, adadin da aka tabbatar ya fi wanda ake fata, don haka na fi karkata gare shi. Ta uku ita ce cinikin sirri ba tare da gwanjo ba, wanda kan fi sauri kuma ba ya tona asirin kaya idan bai sayu ba, sai dai babu gasar da ke ɗaga farashi.

Abubuwan da ke wargaza ciniki gaba ɗaya suna da yawa, kuma mafi yawansu daga salsalar kaya suke tasowa. Gidajen suna duba kowane babban kaya a rajistar kayan sata irin ta Art Loss Register. Zanen da ya kasance a Turai tsakanin 1933 da 1945 kuma ba a san hannun da yake ba a waɗannan shekaru zai tsaya har sai an warware ko 'yan Nazi sun ƙwace shi ne. Kayan tarihin da aka tono daga ƙasa ana neman shaidar sun bar ƙasarsu kafin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ko da izini. Abin da ke da hauren giwa a jiki yana faɗawa ƙarƙashin dokokin CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, da na ƙasashe. Wannan tsanani abin yabo ne, don ƙungiyar agaji ba ta buƙatar sunanta ya fito a shari'ar kayan sata.

Jabu ma yana nan. Gidajen suna ba mai saye tabbacin sahihanci na shekara biyar, kuma idan aka gano jabu ne a cikin wa'adin ana warware ciniki a nemi mai kaya ya mayar da kuɗi. A 2016 Sotheby's ta mayar wa wani mai saye kusan dala miliyan 10 a kan zanen da aka sayar da sunan Frans Hals. Ga mai sadaka haɗarin a fili yake: kuɗin ya zama abinci an cinye, ga kuma takardar neman a mayar. Dole yarjejeniya ta faɗi wanda zai ɗauki wannan nauyi, kuma kada ya zama ƙungiyar agajin.

Dokar fitar da kaya daga ƙasa tana iya rage masu saye ko ta jinkirta ciniki. Zanen Cimabue, tsohon mai zane na Italiya, da aka gano a ɗakin girkin wata tsohuwa a garin Compiègne na Faransa ya sayu a kan yuro miliyan 24 a Oktoban 2019, sai Faransa ta ayyana shi dukiyar ƙasa ta hana fitar da shi, daga baya ya shiga gidan tarihi na Louvre a 2023. Italiya da Sifaniya ma suna da tsauraran dokoki irin wannan. Sannan akwai mai sayen da ke cin gwanjo ya ƙi biya, kamar yadda aka yi a Paris a 2009 a kan kawunan tagulla biyu na ƙasar Sin daga tarin mai tsara tufafi Yves Saint Laurent. Gidan gwanjo dillali ne, ba dole ba ne ya biya mai kaya idan mai saye ya noƙe, sai in da garanti. Haraji kuma ya danganta da ƙasa. A Amurka ribar sayar da zane tana iya jawo harajin tarayya har kashi 28, kuma wanda ya ba ƙungiyar abinci zanen kansa don ta sayar yakan samu rangwamen haraji ne a kan abin da ya saye shi kawai, tunda ƙungiyar ba da zane take aiki ba. A ga mai lissafin haraji tun kafin a yanke shawarar wanda zai zama mai kaya a takarda.

Wani abin da ya kamata a faɗa ƙarara: lakabin "don sadaka" ba ya nufin abinci. Cikin waɗanda suka amfana da gwanjon Rockefeller akwai jami'ar Harvard da gidan zane na MoMA. A lokacin gwanjon Allen ba a bayyana sunayen waɗanda za su karɓa ba. Kuɗin zanen Marilyn na Andy Warhol, wanda ya sayu a kan dala miliyan 195 haɗe da la'ada a Mayun 2022, ya tafi gidauniyar Thomas da Doris Ammann mai kula da lafiya da ilimin yara. Duk ayyuka ne masu kyau, amma gidan gwanjo ba ya bin diddigin inda kuɗi ya ƙare, ba aikinsa ba ne. Zaɓen mai karɓa, da tambayarsa nawa yake cirewa na gudanarwa, da neman rahoto, duk suna wuyan mai kaya. Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, tana cire kashi 6.5 na gudanarwa daga gudummawa, adadi ne da kowa zai iya gani. Kyauta babba ta lokaci ɗaya ta fi amfani idan ba a ɗaure ta da ƙasa ɗaya ko wata ɗaya ba, saboda yawancin yunwa mai tsanani a yau tana inda ake yaƙi ne, kuma akwai ranar da kuɗi ke nan amma hanya a rufe take.

To, shin daidai ne a sayar da babban zane don ciyarwa, ko a ƙi sayarwa alhali mutane suna mutuwa? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce kimanin mutum miliyan 733 suka yi fama da yunwa a 2023. Masanin falsafa Peter Singer tun 1972, yana magana a kan bala'in Gabashin Bengal, ya kafa hujjar cewa wanda zai iya hana babbar musiba ba tare da ya rasa abin da ya kai ta nauyi ba, wajibi ne ya hana. Daga baya ya kawo misalin ƙaramin zanen Duccio da gidan Metropolitan na New York ya saya a 2004 a kan sama da dala miliyan 45, ya auna shi da adadin mutanen da kuɗin zai yi wa magani. Ban ga yadda za a kauce wa wannan hujja ba. Babu zanen da ya kai ran yaro, kuma wanda ya ce akwai, da wuya ya maimaita idan yaron nasa ne.

Amma a lura da inda hujjar ta fi cizo. Sayar da zane ba ya halaka shi, bango kawai yake sauyawa. Kuɗin da ke zama abinci daga aljihun mai saye yake fitowa, mutumin da tun farko yana da ikon ba da shi ba tare da an miƙa masa komai ba. Rahoton baje kolin zane na Art Basel da bankin UBS ya ƙiyasta cinikin kasuwar zane ta duniya a 2024 a kan dala biliyan 57.5, a shekarar da WFP ta samu kusan biliyan 9.8 tana kuma rage rabon abinci a ƙasashe da dama don rashin kuɗi. Nauyin yana kan masu wannan dukiya kafin ya zo kan zanen. Abin da ake iya rasawa idan an sayar shi ne idon jama'a. Hoton Dakta Gachet na Van Gogh da attajirin Japan Ryoei Saito ya saya a 1990 a kan dala miliyan 82.5 ya ɓace wa jama'a tun daga lokacin. Salvator Mundi ma ba a sake baje shi ba tun 2017. Gidan gwanjo ba ya iya tilasta wa mai saye ya nuna abin da ya saya, kuma kaya masu yawa suna ƙarewa ne a akwatuna cikin ma'ajiyoyin da ba a biyan haraji irin na Geneva.

Saboda haka zanen da dama yana ɓoye, sayar da shi ba ya rage wa jama'a komai, yana kuma iya ciyar da dubbai. Riƙe irin wannan a ma'ajiya ana jiran farashi ya tashi, alhali ana rage wa 'yan gudun hijira abinci, ban san hujjar da za ta wanke shi ba. Zanen da ke gidan adana kayan tarihi na jama'a kuwa lissafinsa daban ne. Talaka ma yana cikin masu shi, kuma zanen nan ne kaɗai irin wannan dukiya da zai taɓa tsayawa a gabanta. Ana sayar da shi sau ɗaya, yunwa kuma tana dawowa kowace shekara. A 2021 shugaban WFP na lokacin, David Beasley, ya nemi dala biliyan 6.6 don ciyar da mutum miliyan 42 na shekara guda, a kan santi 43 kowace rana. A wannan lissafi duk kuɗin zane mafi tsada da aka taɓa sayarwa a gwanjo, wato Salvator Mundi, zai riƙe su kusan kwana 25 ne. Kwana 25 ga mutum miliyan 42 ba abin rainawa ba ne, rayuka ne da yawa. Amma a rana ta 26 sai an nemo wani zanen, kuma da gidajen tarihi za su fito da kayansu kasuwa a tare, farashin da aka gina lissafin a kansa zai rushe, tunda ƙarancin kayan ne ke riƙe da shi.

Dokokin sana'ar ma sun toshe wannan ƙofa. Ƙa'idar ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta ce kuɗin kayan da aka sayar a kan tarin gidan kaɗai za a kashe shi. Da hukumar garin Northampton na Ingila ta sayar da mutum-mutumin Sekhemka na tsohuwar Masar a Christie's a Yulin 2014 a kan fam miliyan 15.76, an janye wa gidan tarihinta takardar amincewa, kayan kuma ya tafi hannun wanda ba a bayyana ba. Fafaroma Francis, da wata jaridar marasa galihu ta ƙasar Holland ta yi masa tambayar a 2015, ya ce ba zai iya sa Pietà, sassaƙar Michelangelo da ke Vatican, a gwanjo ba don ta 'yan Adam ce duka, amma kyaututtukan da aka ba shi yana sayarwa. Ya kuma aikata: motar Lamborghini da aka ba shi ta sayu a kan yuro 715,000 a 2018, kuɗin ya tafi ayyukan agaji. Iyakar da ya ja tsakanin abin da yake nasa da abin da aka ba shi amana ita ce iyakar da nake ganin ta dace.

Birnin Detroit na Amurka ya nuna wata mafita. Da ya tsiyace a 2013, Christie's ta ƙiyasta zanukan gidan zanen Detroit da aka saya da kuɗin birnin tsakanin dala miliyan 454 da 867, masu bin bashi suna matsa a sayar, fanshon tsofaffin ma'aikata kuma yana cikin haɗari. A ƙarshe gidauniyoyi, jihar Michigan da masu tallafa wa gidan zanen suka yi alkawarin dala miliyan 816 cikin shekara 20 don fansho, zanukan suka zauna inda suke. Kuɗin yana nan tun farko, barazanar rasa zanen ce ta fito da shi. Mai riƙe da zane mai daraja da ke son ciyarwa kuma ba ya son kayan ya ɓace yana iya bin irin wannan hanya: ya fara yi wa gidan tarihi tayi ta cinikin sirri, ya ba shi wa'adin tara kuɗi, gidan gwanjo ya tsaya a matsayin dillali a kan la'adar da aka daidaita. Yakan ɗauki lokaci fiye da gwanjo kuma farashin yana iya gazawa kaɗan, amma zanen yana komawa inda kowa zai gan shi.

Ga wanda kayansa bai kai dubban daloli masu yawa ba, manyan gidajen biyu ba wurinsa ba ne. Suna da mafi ƙarancin darajar da suke karɓa, ƙaramin kaya yana faɗawa cikin kaso mafi tsada na la'ada, kuma mai shi ba shi da ƙarfin ciniki. Ƙaramin gidan gwanjo na kusa, wanda jigila zuwa gare shi ba ta da tsada kuma yake yin gwanjo kowane wata, yakan bar wa ƙungiyar agaji kaso mafi girma cikin lokaci mafi gajarta. Ko babba ko ƙarami, a sa a yarjejeniya cewa gidan zai tura kuɗin kai tsaye zuwa asusun ƙungiyar da aka ambata da sunanta, a rubuta sunan a katalog don masu tayi su sani, a kuma nemi takardar lissafin ƙarshe mai nuna farashin guduma, kowane abin da aka cire, da ranar da aka tura ragowar.